Bazazzage Ya Bar Raken Maƙarfi, Ya Je Indiya Sayen Sukari

Bawana Bazazzage, barka da sauka. Ya gajiyar hanya, ya kuma jikin Yaya? Na ji an yi aikin gwiwar lafiya, har ya fara takawa da sanda. Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ce. Wannan gaisuwar tasa ce, ka isar masa. Taka tana tafe, gyara zama.

Ka san ba a ɓoye wa ubangida komai. Labari ya iso mu Kano cewa jinya aka tura ka yi a Delhi, amma ka bar majinyaci a gado ka shiga gari neman naka maganin. Ka dawo da jaka cike da 'yan kwalabe, kowace ɗauke da fararen ƙwayoyi mitsi-mitsi. Yanzu da an idar da la'asar sai ka baje su a majalisa ka shiga wa'azi: wannan na ciwon gaɓɓai, wannan na rashin barci, wannan na ƙwannafi. Ba a taɓa su da hannu, a murfi ake zubawa a juye ƙarƙashin harshe. Ba a shan gahawa, ba a shaƙar kafur, ba a cin komai kafin a sha ko bayan an sha sai an jima. An ce har goro ka ajiye don kada ya karya maganin, kai da ba a taɓa ganin haƙoranka farare ba. Sunan abin homiyofati, kuma in za ka faɗe shi sai ka gyara zaman hula. Kada ka wahalar da kanka neman wanda ya kai tsegumi. Hajiya ce ta gaya wa uwargidana, ko in faɗa da bakinku na Zariya, Hajiya ne ya faɗa.

To bari in gaya maka abin da ka sayo. Sukari ne. Ƙwayoyin nan da sukarin rake ko sukarin madara ake yin su, a ɗiga musu ruwan maganin, a bari su bushe. Mutumin da ƙasarsa ke noman rake, wanda in ya hau mota daga Zariya kafin ya gama gyangyaɗi ya isa Maƙarfi inda ake dafa mazarƙwaila, shi ne ya tsallake teku ya biya kuɗin waje ya sayo zaƙi. Za ka ce ai sirrin yana cikin ruwan da aka ɗiga. Madalla, mu bi ruwan.

Wanda ya ƙirƙiro abin likita ne Bajamushe, Samuel Hahnemann, an haife shi a garin Meissen a 1755. A 1790 yana fassara littafin wani likitan Sikotlan mai suna William Cullen, sai ya zo inda Cullen ke cewa ɓawon itacen sinkona, wanda ake samun kwinin daga gare shi, yana maganin zazzaɓin cizon sauro ne saboda ɗacinsa da yadda yake ƙarfafa ciki. Da a Kasuwar Kurmi Cullen ya yi wannan bayani da ya yi ciniki, don mu ma a wurinmu magani in bai yi ɗaci ba wasa ne. Hahnemann bai gamsu ba. Ya ɗebi ɓawon ya yi ta sha alhali lafiyarsa lau, ya ce ya ji bugun zuciya da rawar jiki da ƙishirwa irin na mai zazzaɓi. Daga nan ya yanke hukunci: abin da ke jawo wa mai lafiya wasu alamomi, shi ne zai warkar da mara lafiya mai irin waɗannan alamomin. Ya buga ra'ayin a 1796, ya tsara shi a littafinsa Organon a 1810. Shi ya sa a cikin jakarka maganin mura da albasa aka yi shi, tunda albasa na sa hawaye da yoyon hanci; na rashin barci da gahawa; na kumburi da ƙudan zuma. Ka ga gahawar da aka hana ka sha a kofi, ita aka sayar maka a kwalba.

Matsalar da ya ci karo da ita ita ce yawancin abubuwan da yake gwadawa guba ne, to sai ya shiga sirkawa. A ɗauki ɗigo 1 na maganin a zuba cikin ɗigo 99 na ruwa ko sinadarin barasa, a girgiza da ƙarfi ana buga kwalbar a kan wani abu. Wannan shi ne 1C. A ɗebi ɗigo 1 daga ciki a sake zubawa cikin sabon ɗigo 99, a girgiza, 2C ke nan. Haka za a yi ta yi. Don ka gane inda ake, da za ka zo Tiga ka ɗiga ɗigo guda a madatsar, ka sami mai motsa maka ruwan duka har ya gauraye, ka kamfato cokali, to kana wajen 8C. Da a tekunan duniya gaba ɗaya ka ɗiga, kana tsakanin 12C da 13C. Daga nan masana sinadarai suka ce lissafi ya ƙare, da wuya a sami ko ƙwaya ɗaya tal ta asalin maganin a kwalbar. Yanzu ɗauko taka ka karanta jikinta. An rubuta 30C. Kashi ɗaya ke nan cikin lamba 1 mai sifili 60 a gabanta. A Faransa kamfanin Boiron na sayar da wani maganin mura da ake yi da hanta da zuciyar agwagwa, shi kuma 200C ne.

Abin da ya sa na cire wa Bajamushen nan hula shi ne, bai ce sirkin yana rage ƙarfin magani ba. Cewa ya yi ƙara shi yake yi, wai girgizar tana tashin ƙarfin da ke kwance a ciki. Mu Kanawa da ake ce mun iya kasuwa, tun daga Kwari har Singa ba mu taɓa samun hajar da in ka rage ta kuɗinta ke ƙaruwa ba. Shi kansa mutumin ya ci moriyar abinsa: yana da shekara 79 ya auri wata Bafaransa da ba ta kai rabin shekarunsa ba, ya koma Paris yana duba masu hannu da shuni, ya rasu a 1843 yana da 88. Wannan ɓangaren tarihin kada ka karanta shi a gaban Hajiya, kai ma kada ya sa ka wani tunani.

Amma a yi wa mamaci adalci. Likitancin zamaninsa abin tsoro ne. Tsaga jijiya ake yi a zubar da jini, a ɗura wa mutum maganin zaiba har haƙoransa su yi girgiɗi, a sa shi amai da zawo da gangan. George Washington, shugaban Amurka na farko, ciwon maƙogwaro ya kama shi a Disambar 1799, likitocinsa suka zubar masa da jini sama da lita 2 cikin ƙasa da kwana guda, ya cika. A irin wannan zamani, wanda ya ba ka sukari da ruwa mai tsabta ya ce ka kwanta ka huta, ya yi maka alheri. Lokacin annobar kwalara ta Landan a 1854, a asibitin homiyofati wajen mutum 16 cikin 100 ne suka mutu, a sauran asibitoci kuwa kusan rabi. Na san wannan labarin yana cikin waɗanda aka ba ka a Delhi, don ba sa gajiya da ba da shi. Abin da ya nuna shi ne mai gudawa in ba a ƙara masa da tsaga da zaiba ba ya fi kusa da rayuwa. Likitocin asibiti sun daɗe da barin tsagar. Ku ne har yanzu kuke kan sukarin.

Kuma ba yau aka fara gwada abin ba. Hahnemann na raye, a 1835, mutanen Nuremberg suka taru a wata mashaya mai suna Jan Zakara don raba gardama. Wani likitan homiyofati ya ce gishirin miya da aka sirka zuwa 30C zai sa mai lafiya ya ji abubuwa a jikinsa. Aka jera kwalabe 100, rabi da ruwan gishirin, rabi da ruwa zalla, aka yi musu lamba aka cakuɗa, aka rufe takardar lambobin yadda mai bayarwa da mai sha duk ba wanda ya san wacce ce wacce. Cikin mutum 50 da suka kawo bayani, 42 suka ce ba su ji komai ba. Takwas ɗin da suka ji wani abu, 5 gishirin suka sha, 3 ruwa zalla. Masu tarihin likitanci na lissafa wannan zama cikin gwaje-gwajen farko da aka ɓoye wa kowa abin da aka ba shi. Wato ko ba komai homiyofati ya taimaka wa duniya ta koyi yadda ake kama maganin da ba ya aiki.

Yadda ya je Indiya kuwa, cikin waɗanda suka fara kai shi akwai wani likita ɗan yawon duniya, John Martin Honigberger, wanda ya duba Maharaja Ranjit Singh a Lahore a 1839. Sarkin a wannan shekarar ya rasu, amma abin ya kama ƙasa, musamman a Kolkata. Tun 1973 Indiya ta tsara sana'ar da doka, yau tana da digiri na shekara biyar da rabi, da masu rajista sama da 200,000, da ma'aikatar gwamnati ta AYUSH da aka kafa a 2014, wadda harafin ƙarshe na sunanta na homiyofati ne. Ita ce a Janairun 2020 ta ba jama'a shawarar shan gubar arsanik da aka sirka zuwa 30C don rigakafin korona. Don haka ban ce a lungu ka je ka sami ɗan damfara ba. Na yarda ofis ne mai allo da takardun shaida a bango, mai maganin kuma ya yi imani da abin da yake yi.

Abin da ya hana ni barci, ni da ba ni da ƙwayar gahawa, shi ne yadda aka yi aka kama ka. Ba jahili ba ne kai, duk da ba na son faɗar haka a bainar jama'a. Kun cika mana kunne da cewa Zazzau birnin ilimi, jami'a a ƙofar gidanku, likitoci da masana haɗa magani a kowace unguwa. Sai da Hajiya ta ba da labarin zuwanka na farko na gano bakin zaren. An ce mutumin ya zaunar da kai fiye da awa guda. Ya tambaye ka ciwon da ya kawo ka, sannan ya wuce shi. Ta wane ɓari kake kwanciya? Gishiri ka fi so ko zaƙi? Da wane lokaci ciwon ya fi tashi, da asuba ko da almuru, da sanyi ko da zafi? Kana tsoron tsawa? Wane irin mafarki kake yi? In ranka ya ɓaci aka zo lallashinka, sauƙi kake ji ko ƙara tunzura kake yi? Yaushe barcin ya fara ƙaurace maka, me ya faru a gidanka a wannan shekarar? A nan, in ji Hajiya, ka ba shi labarin rasuwar Inna, da ritayar da ta zo fansho bai biyo ta ba, da yaron da ya gama karatu yana zaune. Yana rubutawa, bai katse ka ba, bai duba agogo ba.

Bawan Allah, an sami wanda zai saurari Bazazzage awa guda cur bai gudu ba, ina za ka ƙi sayen duk abin da ya miƙo maka? Mu nan minti biyar muke iya jure maka, shi ma don zumunci.

Dariya nake yi, amma a nan maganar take. A 2017 wasu masu bincike suka tattara tsawon lokacin da likitan farko ke ba mara lafiya a ƙasashe 67. Suka tarar a Bangaladash daƙiƙa 48 ne, a Suwidin minti 22 da rabi, a Indiya wajen minti 2. Ƙasashe 18 da suka ƙunshi rabin mutanen duniya, minti 5 ne ko ƙasa da haka. Tun 1984 wani bincike a Amurka ya nuna likita kan katse mara lafiya bayan kamar daƙiƙa 18 da fara bayani. Mu ba ma buƙatar a auna mana. Kowa ya san sammakon yankar kati, da zaman benci har azahar, da shiga ka tarar an fara rubutu kafin ka gama sallama. Ba na ganin laifin likitan da ke da kati ɗari a gabansa shi kaɗai, ga albashi ba ya kai wata, ga abokan karatunsa duk sun tafi Saudiyya da Ingila. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mutum ya zo da ciwo da tsoro da tambaya, aka karɓi ciwon aka mayar masa da sauran biyun, dole ya nemi inda zai sauke su.

An ma raba abin gida biyu an auna. A Southampton ta Ingila, Sarah Brien da George Lewith, wanda shi kansa likita ne da ke ba da irin wannan magani a lokacin, suka ɗauki mutum 83 masu amosanin gaɓɓai. Wasu aka yi musu dogon zaman nan na tambayoyi, wasu ba a yi musu ba. A kowane ɓangare wasu aka ba su ƙwayar homiyofati, wasu ƙwayar wofi, ba tare da sun sani ba. Sakamakon da aka buga a 2011 ya nuna waɗanda aka zauna da su sun fi samun sauƙin zafi da kumburi da damuwa, ƙwayar kuwa ko wacce aka ba mutum duk ɗaya. Ka ji daga bakin masu son abin. Don haka in ka ce mini barcinka ya gyaru, ban ƙaryata ka ba. Kunne ka saya, kunnen kuma ya yi aiki. Sukarin gyara aka yi maka.

Sai kuma faɗuwa da ta zo daidai da zama. Ciwon gaɓɓai, ƙwannafi, rashin barci, mura, ƙaiƙayin fata, duk ciwuka ne masu tashi su kwanta. Ba wanda ke neman sabon magani ranar da ya tashi garau, sai ranar da abin ya kai maƙura. Daga maƙura kuwa ba inda ciwo zai nufa sai ƙasa, kuma wanda ka gani a ƙarshe shi zai kwashe yabon. Ga goron da ka daina ci da dare, ga tafiyar ƙafa da aka ce ka riƙa yi, ga maiƙon da ka rage. Shekara nawa likitanka na gida yana gaya maka waɗannan kana ce masa to? Da Ba'indiye ya faɗa bayan ya ji tarihin kakanka, sai ka bi.

Akwai kuma abin da ya sa wa'azin ya shige ka da wuri: da ma a kansa ka tashi. Na ji abin da kake faɗa a majalisa, wai maganin asibiti kwantar da ciwo yake yi, wannan kuwa daga saiwa yake tumɓuke shi. Wannan ai ba daga Delhi ka zo da ita ba, maganar kakanninmu ce, ita mai magani ke faɗa a lasifika a bakin tasha. A ganinmu ciwo abu ne guda da ke kwance a cikin jiki, yana leƙowa yau ta kai, gobe ta baya, jibi ta gwiwa. Mu muna ce masa basir, ko sanyi, ko dattin ciki. Hahnemann ma yana da nasa. A littafinsa na 1828 kan cututtuka masu daɗewa ya ce kashi bakwai cikin takwas nasu daga abu ɗaya suke, wata ƙazwa da aka danne da man shafawa ta koma ciki. Ka ga ashe Bajamushe ma yana da basir ɗinsa, nasa dai ƙaiƙayi yake yi. Ya kuma ce akwai wani ƙarfin rai da ke tafiyar da jiki, ciwo rikicewarsa ce, aikin magani shi ne ya ɗan zungure shi ya gyara kansa. Wanda ya yarda da wannan ba ya son a ce masa ga ƙwayar cuta ga maganinta. So yake a dube shi dukkansa, da halinsa da abincinsa da baƙin cikinsa, a ba shi maganin da aka zaɓa don shi kaɗai, wanda ko ɗan'uwansa mai irin ciwonsa ba shi za a ba ba. Ga tsoron sinadari, ga gajiya da ƙwayar da aka ce har abada za a sha, ga jin cewa yau kai ma kana da hannu a jinyar kanka, tunda ga dokoki an ba ka kana kiyayewa.

Kada ka ɗauka ku kaɗai ne. John Astin na jami'ar Stanford ya tambayi Amurkawa 1,035 a wani bincike da aka buga a 1998 kan masu neman magani a wajen asibiti. Ya tarar masu ilimi mai zurfi sun fi yi, kuma ba ƙin asibiti ne ya fi kai su ba, a'a, sun ga hanyar ta fi dacewa da yadda suke kallon rayuwa da lafiya. Waɗanda suka dogara da ita kacokan ba su kai 5 cikin 100 ba. Sauran ƙafa biyu suke takawa, ɗaya a asibiti ɗaya a waje. Riƙe wannan, zan dawo kanta.

Inda na fi jinjina wa tsarin naku shi ne ba ya faɗuwa jarrabawa. In ka sha ka ji sauƙi, magani ya yi. In ciwon ya ƙaru, an riga an gaya maka alama ce mai kyau, maganin ne ke tono shi yana fito da shi. In ba abin da ya canja, ba a dace da ƙwayar da ta yi daidai da halinka ba, a sake zama a sake biya. In duk an yi bai yi ba, to ka shaƙi kafur a wani wuri, ko ka ci goro a ɓoye. Ta ko'ina laifin ba ya komawa kan kwalba.

Na ji kuma kana kafa hujja da Sarkin Ingila. Gaskiya ne, gidansu sun daɗe da abin, Charles ma tun yana yarima ya zama uban ƙungiyar likitocin homiyofati ta ƙasarsu a 2019. Sai dai ban taɓa jin an ce sarauta na sa a san sinadari ba, kuma da aka gano masa ciwon daji a 2024 asibiti ya nufa. Ƙasar tasa kuwa, kwamitin kimiyya na majalisarta ya ce tun 2010 abin bai fi ƙwayar wofi ba, hukumar lafiyar Ingila ta ce a daina rubuta shi da kuɗin gwamnati a 2017. Hukumar binciken lafiya ta Ostireliya ta duba bincike 176 kan cututtuka 61, ta ce a 2015 ba ko ɗaya da aka sami tabbatacciyar shaidar yana warkarwa. Faransa, inda ake ƙera shi da yawa, ta daina biya wa mutane kuɗinsa daga farkon 2021.

Duk wannan da zan bar ka da zaƙinka, don sukari kaɗan ba ya kashe Bazazzage, kun saba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ƙarshen maganar Hajiya. Ta ce ka tura ƙwayoyin hawan jininka ƙarƙashin katifa, wai kada su hana sabon maganin aiki, kuma ai kana jin jikinka garau. Nan wasa ya tsaya tukuna. Hawan jini ba ya sallama. Mutum na jin garau ɗin yake cin ƙoda da ido da jijiyar ƙwaƙwalwa, ranar da zai yi magana ɓarin jiki ya riga ya tafi. Kunnen da ya saurare ka zai iya sa ka barci, ba zai hana jijiya fashewa ba. Amurkawan da na ce ka riƙe, ƙafa biyu suke takawa. Kai ka ɗage ɗaya, ka kuwa ɗage wadda ke ɗauke da kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi tun 2009 kada a yi amfani da homiyofati wajen tarin fuka, da cuta mai karya garkuwar jiki, da zazzaɓin cizon sauro, da gudawar jarirai. A Italiya a 2017 wani yaro ɗan shekara 7 ya mutu da ciwon kunne, ciwon da maganin kashe ƙwayoyin cuta ke gamawa da shi cikin kwanaki, saboda an tsaya ba shi irin ƙwayoyinka har abin ya hau ƙwaƙwalwa. Don haka jikokin nan da ke zuwa maka hutu, in jikin ɗayansu ya yi zafi, a kai shi a gwada jini. Kada in ji an buɗe jaka.

Na san abin da ya haɗa ka faɗa da ƙwayoyin asibitin: tarin nan mara majina, da kumburin ƙafa, da tashi fitsari cikin dare, da wani abu guda da ba a faɗa a jarida. Duk sanannu ne, kuma magungunan hawan jini iri-iri ne, ana canja wa mutum wani in wannan bai karɓe shi ba. Ba ka taɓa gaya wa likitanka ba, to kawai kake ce masa. Ka koma wurinsa da takarda a hannu, ka rubuta damuwarka tun daga gida, in ya fara rubutu ka ce likita dakata ban gama ba. Bakin da ya riƙe Ba'indiye awa guda ba zai kasa riƙe ɗan Zariya minti goma ba. Ka kuma sayi na'urar awon jini, ba ta kai kuɗin jakar da ka sayo ba, ka riƙa aunawa kana rubutawa. Ita ba ruwanta da ta wane ɓari kake kwanciya. Kada ka ɗauka tausayinka nake ji, dukiyata nake karewa. Bawan da ya shanye ba ya ɗaukar wa ubangidansa buta.

Watan cika-ciki ya ƙarato, na san ka fara lissafin kuɗin shara, kana cewa bana sai Bakano ya biya. Zan biya, amma da tsarinku. Na jefa naira ɗaya a randa na girgiza, na ɗebi ɗigo na zuba a wata randar, ina kan ta goma sha bakwai yanzu. Da na kai talatin zan ba direban Zariya kwalbar ya kawo maka. Ka bi ta a hankali, kada ka kashe duka rana ɗaya, kuɗin da yawa. In kuma kwalaben Delhi sun ƙare kada ka sake sayen tikiti, aiko yaro Singa, buhu guda zai kai ka har tattaɓa-kunne, zan sa a yi maka ragi. A gaida Hajiya, ka ce ya kyauta.